Na haɗa bilic da maganin wanke bayi na kusa shiɗewa, ga masara ta yi fumfuna, dan Allah ina neman bayani

Ummu_Sadiq:

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Dan Allah masu ilimin lafiya ku taimaka min da bayani don wlh tun shekaranjiya hankalina bai kwanta ba. Ina wanke bayi ne, akwai wani datti da ya kama jikin masai yayi ruwan ƙasa-ƙasa ya ƙi fita, sai na zuba maganin wanke bayin nan mai kauri na barshi ya jiƙa, da naga kamar bai yi ba sai nace bari in ƙara da bilic zai fi ƙarfi. Ko minti ɗaya ba a yi ba naji wani wari ya daki hancina, idona ya fara zubar da ruwa, maƙogwarona ya shaƙe ina tari ina tari numfashi ya ƙi shiga, gashi na turo ƙofar saboda kar ƙaramin yarona ya shigo. Da rarrafe na fito. Na kai awa ɗaya a waje ina shan iska kafin ƙirjina ya saki. Yau dai Alhamdulillah tarin ya ragu sosai sai ɗan kaikayin maƙogwaro, amma ina tsoron ko abin ya taɓa min huhu ne ban sani ba.

To tun daga nan sai na fara kallon komai na gidan da wani ido daban. Akwai buhun masara da muka jingina da bango a sito, ashe bangon yana jan ruwa, na buɗe naga wasu sun yi fumfuna kore-kore wasu sun yi baƙi kuma yana warin ruma. Ni niyyata in wanke in shanya a rana sannan a kai niƙa tunda ai wuta za ta dafa shi. Hakan ya wadatar ko kuwa?

Sai na ƙarshe, wannan ƙila ba wani abu bane amma bari in haɗa. Abban Sadiq haƙori ke damunsa yau kwana uku kuma baya son zuwa asibiti, farasitamol yake ta sha biyu-biyu, da yaji zogin ya dawo sai ya ƙara, inaga duk bayan awa uku haka har cikin dare, kuma ga mura yana shan wani maganin mura safe da rana da dare. Jiya yace zuciyarsa na tashi bai ci abincin kirki ba, yau kuma yace yaji sauƙi. Akwai matsala a haka? Na huhun nan dai shi ya fi tsaya min a rai.

Anti_Nas:

Wa alaikumus salam. Ƙanwata kiyi haƙuri zan juya miki tambayoyin, wanda kika sa a ƙarshe kika ce ƙila ba wani abu bane shi ne na gaggawa. Tashi yanzu ki ɗauko kwalin maganin murar ki duba inda aka jera abubuwan da ke ciki. In kinga an rubuta paracetamol ko acetaminophen duk abu ɗaya ne, na biyun sunan da Amurkawa ke kiransa ne. Magungunan mura da yawa akwai shi a ciki, mutum sai ya ɗauka magani biyu daban yake sha alhali abu ɗaya yake ninkawa.

Mu yi lissafi tare. Ƙwaya ɗaya miligiram 500 ce, biyu giram 1 kenan. Iyakar abin da babban mutum mai lafiya zai sha cikin awa 24 giram 4 ne, wato ƙwaya 8, kuma tsakanin sha da sha a bar aƙalla awa 4. In har duk awa uku yake shan biyu har cikin dare to yana kai giram 6 zuwa 8 a rana, ki ɗora na maganin mura a kai, ya ninka ƙa'ida kenan ko kusa da haka, kuma kwana uku a jere.

Abin da ke faruwa a ciki shi ne, hanta ce ke sarrafa maganin. Mafi yawansa tana mayar da shi abin da zai fita ta fitsari lafiya lau, amma akwai ɗan kaso da ke rikiɗa ya zama wata guba da ake kira NAPQI. Allah ya ajiye wa hanta wani sinadari mai suna gulutatayon da ke kama wannan gubar ya kashe kaifinta. In an sha daidai ƙa'ida yana isa. In aka wuce sai ya ƙare, daga nan gubar ta koma kan hantar kanta tana cinye ta. Wanda kuma baya cin abinci sosai, kamar maigidanki da haƙori ya hana shi tauna, dama ajiyar tasa ta ragu.

Abin da yasa nake matsa miki shi ne wannan "yaji sauƙi" ɗin. Ranar farko tashin zuciya ne kawai ko ɗan amai, wani ma ba ya jin komai. Sai ya lafa mutum ya tashi yana harkokinsa, alhali a lokacin ne hantar ke lalacewa. Sai kwana na uku ko na huɗu ido ya yi ruwan ɗorawa, ciwo a ƙarƙashin haƙarƙarin dama, mutum ya fara ruɗewa yana surutai. Na ga wannan da idona ba sau ɗaya ba, an kawo mutum yana tafiya da ƙafarsa yana cewa shi fa lafiyarsa lau matarsa ce ta dame shi, gwajin jini ya fito lambobin hanta sun yi sama. A Amurka da Ingila farasitamol ne kan gaba cikin abubuwan da ke sa hanta ta tsaya farat ɗaya, har ta kai a 1998 Ingila ta taƙaita yawan ƙwayoyin da za a sa a kwali ɗaya, 16 a shago, 32 a wajen masu harhaɗa magani.

Akwai makarinsa, sunansa asetilsistin, ta ƙarin ruwa ake sa shi kuma yana aiki sosai in an fara da wuri. Wanda ya sha da yawa lokaci ɗaya an fi so a fara masa cikin awa 8. Irin na mijinki da aka sha a rarrabe ba a jiran wata alama, gwaji ake yi a fara. Don haka kar ya ƙara ko ƙwaya ɗaya, kar ya koma wa wani maganin ciwon kuma da kansa, ku kwashi kwalayen duka har wanda babu komai a ciki ku tafi asibiti yau, ba gobe ba, tun kafin wankin hula ya kai ku dare.

Naki kuma, maganin wanke bayin nan asid ne a ciki, in ya haɗu da bilic sai iskar kulorin ta tashi. Ita ce aka yi amfani da ita a matsayin makamin yaƙi a garin Ypres na Beljiyam a 1915. Tana haɗuwa da damshin ido da na maƙogwaro ta zama asid shi yasa kika ji ƙuna, kuma ta fi iskar da muke shaƙa nauyi, ƙasa take kwanciya, ke kuma kina durƙushe a kanta ƙofa a rufe. Haɗarin da ake tsoro na huhu ya tara ruwa yawanci cikin awoyin farko zuwa kwana guda yake bayyana, tunda kin kwana biyu kina samun sauƙi alama ce mai kyau. Amma tunda asibitin za ku, ki ce su saurari ƙirjinki kema, musamman in kina da asma. Daga yau bilic da ruwa kawai ake haɗa shi, ban da asid, ban da ruwan khal, ban da duk abin da ke da amoniya, kuma a buɗe taga.

Ummu_Sadiq:

Innalillahi. Anti na duba, akwai shi a ciki 500 aka rubuta, gabana sai faɗuwa yake. Na nuna masa yace wai shi ba abin da yake ji, haƙorin ma ya lafa, wai ya bari sai an kwana biyu in bai ji daidai ba sai yaje. Na kira yayansa yanzu yace gashi nan zuwa, shi kaɗai yake jin maganarsa.

Anti_Nas:

Kin yi daidai. In yayan ya zo ki ba shi ya karanta da kansa. Ki rubuta a takarda ƙwaya nawa ya sha kowace rana da lokacin da ya sha ta ƙarshe, abin da za su fara tambaya kenan.

Abu_Hanif:

Allah ya ba shi lafiya, Allah ya sa a dace. Hajiya ki je ki dawo tukuna, maganar masara za ta jira ki, amma dan Allah kafin ki fita ki faɗa wa 'yan gidan kar kowa ya taɓa buhun nan.

Na yi shekaru ina aikin ajiyar hatsi, kuma amsar tambayarki ita ce a'a, wanki da shanya da dafuwa duk ba sa yi. Mutane suna ganin fumfunar ce matsala, in an wanke ta fita shikenan. Ita fumfunar, musamman wadda ake kira Aspergillus flavus mai launin kore da ɗan rawaya, tun tana raye take zuba wata guba a cikin ƙwayar, sunanta afulatoksin. Rana za ta iya busar da fumfunar, ruwa zai iya wanke ƙurar da kike gani, gubar kuwa ta riga ta shige ciki, ba ta da wari ba ta da ɗanɗano, kuma tana jure zafi har sama da digiri 200, tafasar tukunya kuwa digiri 100 ce. Kinga sai a dafa a ci tana nan yadda take.

An gano ta ne a 1960 lokacin da talo-talo sama da 100,000 suka mutu a Ingila ba a san dalili ba, aka bi diddigi aka tarar abincinsu ne da aka haɗa da dusar gyaɗa da aka shigo da ita daga Barazil. Mutane ma tana kashe su kai tsaye in ta yi yawa. A 1974 a yammacin Indiya sama da mutum 100 suka rasu saboda masarar da ruwa ya taɓa. A 2004 a gabashin Kenya mutum 317 suka kwanta, 125 suka rasu, kuma masarar da suka noma da hannunsu ce suka adana ba ta gama bushewa ba. Alamun su ne amai, ciwon ciki, shawara, kumburin ƙafa da ciki.

Wanda ya fi damuna kuma shi ne kisan mummuƙen da take yi in ana cin ta kaɗan-kaɗan shekara da shekaru. Hukumar binciken cutar kansa ta duniya da ke Lyon a Faransa ta sa ta a rukuni na 1, wato abubuwan da aka tabbatar suna jawo kansa ga ɗan'adam, rukuni ɗaya da hayaƙin taba. Hanta take nufa. In mutum yana ɗauke da ciwon hanta nau'in B to bango ya riga ya tsage, haɗarin kansar hanta na iya ninkawa har kusan sau 30 a kan wanda ba shi da shi. A yara kuma an alaƙanta ta da tsumburewa, yaro yana ci amma ba ya tsawo yadda ya kamata. Ki duba yadda abin ya zo, hantar da farasitamol ke bugu a gidanki ita ce dai masarar za ta je ta samu.

Dan_Baba77:

Ni fa ina girmama ilimi amma wani lokacin abin yana yawa. Mun taso muna ganin ana tsince hatsi a wanke a shanya a ci, iyayenmu da kakanni sun yi shekara tamanin casa'in a haka. Yanzu komai an ce guba ne, magani guba, abinci guba, abin wanki guba, to me mutum zai taɓa? Kuma Malam Abu Hanif ka san ba kowa ke da halin zubar da buhu guda ba, mai iyali da yawa ka ce masa ya zubar ai sai ya kalle ka kawai. Na farasitamol dai na yarda tunda lissafi ne a fili.

Abu_Hanif:

Ɗan'uwa maganarka ta biyu gaskiya ce kuma ba zan raina ta ba, na tsaya gaban mutum yana kallon buhunsa idonsa ya kawo ruwa. Shi yasa ban ce duk hatsin da aka ga ƙwaya ɗaya ta canza a zubar ba. Tsincewar da iyayenmu ke yi ilimi ce, gubar ta fi taruwa a ƙwayoyin da suka fashe, waɗanda suka yamushe, waɗanda ƙwari suka huda da waɗanda suka canza launi, in aka zauna aka fitar da su aka kuma kwashe masu tasowa saman ruwa ana rage ta sosai. Wannan ga hatsin da ɓarnarsa kaɗan ce. Amma buhun da aka buɗe wari ya bugi mutum, ga kore ga baƙi ko'ina, wannan ya wuce tsinta, don wanda ido ke gani da kyau ma a cikinsa ba shi da tabbas.

Ta farkon kuma, mu waɗanda suka kai casa'in muke gani saboda su ne suka rage. Wanda cikinsa ya kumbura idonsa ya yi rawaya ya tafi yana ɗan arba'in, ba wanda ya auna hantarsa balle a san me ya ci, sai dai a ce ciwon ciki ne.

Abin da ya fi sauƙi shi ne kar a bari a kai nan. Masara ta bushe har damshinta ya sauka zuwa kashi 13 cikin 100 kafin a ɗure ta. In babu na'urar awo ga dabara, samu kwalba busasshiya, zuba busasshen gishiri cokali biyu da ɗan hatsin, rufe ka girgiza sosai ka ajiye ta ɗan lokaci ka sake girgizawa, in gishirin ya manne a jikin kwalbar to da sauran damshi a koma shanya. Kar a shanya a kan ƙasa tsirara. Buhu a ɗora shi a kan katako, a bar tazara tsakaninsa da bango iska na wucewa.

Sai abu ɗaya da nake roƙon kowa, ƙwayar nan mai ruwan toka da ake jefawa cikin buhu don kashe ƙwari, wadda ke narkewa ta zama gari. Iskar fosfin take fitarwa in ta ji damshi, tana ratsa buhu tana bin ƙarƙashin ƙofa, kuma ba ta da makari a asibiti. Kar a taɓa sa ta a ɗakin da ake kwana ko wanda ke manne da shi. Fumfuna ma ba aikinta bane, don haka kar wani ya ce zai gyara ruɓaɓɓen hatsi da ita.

Maman_Biyu:

Ummu Sadiq Allah ya tashi kafaɗun maigida. Ni kalmar da kika faɗa ta ƙaramin yaro ce ta sa na kasa wucewa. Ɗana yana shekara biyu ya sha kananzir, a gorar ruwa aka zuba aka ajiye bayan ƙofa, ni kuma ina wanki. Naji tarinsa na juyo naga gorar a hannunsa rigarsa ta jiƙe bakinsa sai wari. Ihu na yi mutane suka taru, wata ta danna masa yatsa a maƙogwaro wai ya amayar, wata ta kawo madara aka ɗura masa yana kuka yana shaƙewa, ni kuma na tsaya ina ganin taimako ake yi. Yayi aman kuwa har sau biyu, ya yi lamo a jikina muka ce Alhamdulillah ya fita. Cikin dare zazzaɓi ya rufe shi numfashinsa na fita da sauri-sauri haƙarƙarinsa na lotsawa ciki.

Kwana tara muka yi a asibiti ana sa masa iskar oksijin. Likitan yace min kananzir in ya zauna a ciki ɓarnarsa da sauƙi, huhu ne ba ya son sa, ɗigo kaɗan in ya shiga sai ya bazu ya ƙona shi, kuma aman da aka sa shi ne ya ba shi hanya ta biyu ta shiga huhun. Har yau in na tuna yatsan nan sai jikina yayi sanyi. Yace haka ma soda ta yin sabulu da asid da bilic, in an sha ba a sa amai, abin da ya ƙona hanya da zai shiga zai sake ƙona ta da zai fito. Ba a ɗura wa yaro komai, a cire masa rigar da ta jiƙe, a wanke fatar da ruwa, a ɗauki gorar a tafi.

A ɗakin da muka kwanta na koyi wasu abubuwan ma. Ƙwayar ƙarin jini da ake ba masu ciki, jar nan mai kama da alewa, in yaro ya kwashi da yawa tana iya kashe shi. Ƙaramin batir mai kama da maɓalli na agogo da rimot in ya maƙale a maƙoshi cikin awa 2 yana iya fara ƙona wajen. Kafur da ake sawa cikin kaya kuma akwai jariran da yake fasa wa jini su yi shawara mai tsanani. Yanzu ni komai sama yake a kulle, kuma ba na zuba wani abu a gorar abin sha ko da na minti biyar ne.

Dalibin_Famasi:

Anti Nas ta gama magana, ɗan ƙari kawai zan yi wa Dan_Baba da yace to me mutum zai taɓa. Yaya ba a ce a daina shan farasitamol ba, a ƙa'idarsa yana cikin magungunan da suka fi aminci, har mai ciki da jariri ana ba su. Adadi ne ke raba magani da guba. Na yara ma da nauyi ake aunawa, miligiram 10 zuwa 15 ga kowane kilo, da sirinjin awo ko ɗan kofin da ya zo da kwalbar, ba da cokalin kicin ba.

Wannan lafawar ƙaryar da Anti ta bayyana kuma akwai ta a wata laimar kwaɗi mai suna Amanita phalloides, wadda ita ce ke da alhakin mafi yawan mutuwar da ake yi ta cin laimar daji a duniya. Sai an yi awa 6 zuwa 24 da ci kafin amai da gudawa su fara, su tsaya mutum ya ga ya warke, bayan kwana biyu hanta ta tsaya. Dafuwa ba ta kashe gubarta, rabin guda ɗaya na iya kashe babba.

Wani lokacin kuma maganin ne da kansa aka gurɓata tun daga masana'anta. A 2022 yara kusan 70 suka rasu a Gambiya, sama da 200 a Indonesiya, saboda maganin ruwa na tari da zazzaɓi da aka samu sinadarin dayetilin gilaikol ko ɗan'uwansa a ciki, yana da zaƙi amma ƙoda yake kashewa. Irinsa ne ya kashe sama da mutum 100 a Amurka a 1937 har aka yi dokar 1938 da ta wajabta gwada amincin magani kafin a sayar. Alamar da uwa za ta riƙe ita ce yaro ya sha maganin ruwa sai fitsarinsa ya ragu sosai ko ya ɗauke gaba ɗaya, wannan a tafi asibiti da kwalbar a hannu.

Ummu_Sadiq:

Salam 'yan'uwa kuyi haƙuri da shiruna, sai yau muka dawo gida. Yayansa da ya zo bai ma zauna ba yace ya sa takalmi. Da muka je na miƙa takardar da kwalayen, aka ɗebi jininsa, shi yana ta cewa ɓata lokaci ne. Sakamakon ya fito likita tace lambobin hantarsa sun hau, nan take aka ba shi gado aka sa masa ƙarin ruwan nan da Anti ta faɗa, ya kusa kwana guda yana shiga, aka sake gwaji aka ƙara masa wani. Kwana uku muka yi. Tace lambobin sun fara sauka, mu dawo bayan sati a sake aunawa, kar ya sha wani magani sai wanda suka rubuta, an kuma ba mu ranar ganin likitan haƙori. A daren farko ina zaune kusa da gadon naga ya yi shiru yana kallon ledar ruwan, can yace min wlh shi har ga Allah ya ɗauka farasitamol ba ya komai. Anti ban san da bakin da zan gode miki ba, Allah ya saka da alheri ya jiƙan mahaifa. Nima sun saurari ƙirjina sun ce babu komai.

Malam Abu Hanif buhun yana nan ba wanda ya taɓa. Maƙwabciyata tace in ba ta ta ba kajinta da akuya tunda mu ba za mu ci ba, in ba ta?

Abu_Hanif:

Alhamdulillah, Allah ya ƙara sauƙi. A'a Hajiya kar ki ba ta. Kaji ma gubar tana yi musu illa, ki tuna da talo-talon da na faɗa, akuya ko saniya kuma in ta ci wani kaso yana fitowa a nononta, sai ya dawo kofin yara. A haƙa rami mai zurfi nesa da rijiya a binne, ko a ƙona shi a fili. Wanda zai ɗauka ya ɗaure hanci da baki don ƙurar, kar a zazzage shi a cikin gida, ke kuma da ƙirjinki bai daɗe da warwarewa ba ki bar wa wani. Buhun ma kar a sake zuba komai a ciki. Sannan a gyara bangon nan ya bushe kafin a ajiye wani, kuma tunda za ku koma gwaji ku roƙi a duba muku ciwon hanta nau'in B ku duka har yaran, wanda ba shi da shi kuma bai yi allurar rigakafi ba a yi masa.